Ɗan Dakon Yaya Haliru

A Gwandu in ka ce Haliru mai keke kowa ya san wanda kake nufi, kuma rabin waɗanda suka san shi sai sun ƙara da cewa, "Wanga mai wasan yara?" To ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma na gaji da jin wannan magana a bakin mutanen da shekara da shekaru shi ke ɗaure musu birki. Shi ba zai tanka ba, bai iya ba. Ni na iya.

Yaya Haliru shekararsa hamsin da takwas. Da babanmu ya rasu yana aji shida na firamare, sai ya ajiye allo da littafi ya je koyon gyaran keke, ni kuma aka bar ni na yi sakandare. Rumfarsa tana bakin hanyar da mutanen ƙauye ke bi su shigo gari, na Malisa da na Dodoru duk sun san ta. Kwano huɗu ne a sama, benci ɗaya, bokitin ruwan neman huji, sai wani ɗan ɗaki a baya inda yake kulle kayan aiki. Babura sun cinye masa rabin sana'a, bai taɓa zaginsu ba.

Abin da ya kamata a sani game da shi, kafin a zo maganar wasa, shi ne gaisuwa. Babanmu ya hore mu cewa mutum ba ya miƙo maka hannu ka bar masa shi a iska. Ni na ɗauki abin daidai misali, Yaya kuwa ya ɗauke shi gaba ɗaya. Ko yana tsakiyar ɗaure sarƙa, da ya ji sallama zai ajiye sifana, ya goge hannu da tsumma, ya miƙe tsaye, ya ba ka hannu biyu. Sai ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi saniyar da ka ce masa tana ɗingishi wata uku da suka wuce. Ba ya fara sakin hannu, sai kai ka saki.

A shekarar 1999 wani ɗan bautar ƙasa da ya koyar a garinmu ya gama wa'adinsa. Shekara guda Yaya yana kula masa da kekensa, don haka da zai tafi ya bar masa tsaraba: ƙaramar talabijin, da na'urar gem mai launin toka, da kaset guda rawaya wanda takardar jikinsa ta riga ta ɓare. Wasanni da yawa ne a cikin kaset ɗin, akwai na ƙwallo, akwai na dambe, akwai na jirage masu harbi. Samarin unguwa suka yi ta rububin waɗannan har suka gaji suka koma waya. Can ƙasan jerin akwai wani da ba wanda ke taɓawa, sunansa da wani rubutu mai kama da tsinken tsintsiya da aka watsar. Yaya ne ya raɗa masa suna, Ɗan Dako.

Wani ɗan mutum ne tsawon ɗan yatsa, da ƙunshin kaya a kansa. Ba shi da bindiga, ba shi da sanda, ba ya dukan kowa. Tafiya yake, ya yi tsalle, ya durƙusa, shi ke nan. Ya haye gadar da ta karye, ya hau tsani, ya taka guntayen itace da ke yawo a kan ruwa, ya kauce wa duwatsun da ke gangarowa. Inda abin yake shi ne kayan da ke kansa suna rangaji. Ka yi gudu, su karkata. Ka yi tsalle kafin su daidaita, su zube, rai ɗaya ya tafi. Rai uku ne duka. Zango goma sha biyu ne, don a farko ana nuna ɗigo goma sha biyu a jere, kowane zango ka wuce ɗaya ya haska. Kiɗan kuwa ba wani kiɗa ba ne, kamar ana buga gwangwani uku daban-daban, amma in ya shiga kanka sai ka tsinci kanka kana yinsa kana wanke-wanke.

Duk wanda ya gwada minti biyar yake ajiyewa, ya ce ba a kashe kowa. Yaya ya ce shi ne ma ya sa yake sonsa. Ya taɓa ce mini, "Indo, wanda yaƙ ƙera wanga abu ya taɓa ɗaukar kaya bisa kai. Duba yadda yaka tsayawa kaɗan bayan ya dira. Wanda bai yi dako ba bai san wanga tsayuwa ba." Na duba, kuma haka ne. Na sha ɗaukar tulu daga rijiya, na san ta.

Aibin wasan ɗaya ne, ba ya tsayawa. Sauran wasannin in ka danna wani maɓalli sai komai ya daskare har ka dawo. Wannan ko ka danna har yatsa ya yi ciwo ba ya ji. Ba kuma ya tuna inda ka kwana. Rai uku suka ƙare, ka koma ɗigon farko. Wanda ke son ganin ƙarshe sai ya zauna kusan awa uku hannunsa bai bar madannin na'urar ba.

To ku haɗa wannan da mutumin da na faɗa muku. Wuta ba ita ce matsala ba, tun tuni ya haɗa talabijin da batirin mota, daga baya ya sa ƙaramar sola. Dare ma ba nasa ba ne, ana sallame isha'i yake bin kaji ya kwanta. Lokacinsa safiya ce zuwa azahar, in aiki ya yi sauƙi, kuma lokacin ne duk duniya ke wucewa ta gaban rumfar. Ɗan Dako yana tsakiyar gada, sai a ji "Salamu alaikum." Yaya ya ajiye madanni ya miƙe. Kafin a gama tambayar mutan gida dutse ya zo ya yi gaba da bawan Allah da kayansa. A gida ma haka, ba a rabin awa ba a yi sallama da shi a zaure ba. Shekara ashirin da biyar ana wannan. Mafi nisan da ya taɓa zuwa zango na tara ne, ranar wani ruwa da aka kwana aka wuni ana yi, ba wanda ya fito. Ruwa na ɗaukewa sai ga amininsa Zayyanu, mai sayar da buhuna, ya turo keke da faci. Yaya ya tashi ya gaishe shi. Bai ma gaya masa abin da ya jawo ba.

Na sha yi masa faɗa. Na ce, "Yaya, ka ce musu su dakata mana, minti nawa ne?"

Ya ce, "In ce ma mutum ya dakata don mi? Don zane?"

"To ka daina damuwa da zanen."

"Ai ba damuwa nike ba."

Ƙarya yake, yana damuwa.

Bara ne ya fara karo da abubuwa. Gefen ƙofa, ƙafar benci, akuya in ta zo ta gefe. Matarsa Hajjo ta kira ni, na ce a zo da shi Birnin Kebbi, tunda ni a Kalgo nake aure, kusa ne. Ni na shiga da shi wurin likitan ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci ba a sani ba. Ya ce ganin gefe ne ke fara tafiya, mutum ya koma kamar mai leƙe ta cikin bututu, bututun kuma yana ƙara tsukewa. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Na hagu saura kaɗan, na dama za a yi ta ɗiga magani a ga iya inda za a kai.

Da muka fito Yaya ya ce kada in gaya wa kowa, Hajjo kaɗai. Muka zauna a tasha muna jiran mota ta cika. Na zaci rumfa yake tunani, ko yara. Sai ya ce, "Indo, har yau ban san wa anka aiki Ɗan Dako ya kai ma kayan ba."

Na ji kamar in kwaɗa masa jaka. Sai kuma na ji kamar in yi kuka. Ban yi ko ɗaya ba, na ce zan san abin yi.

Na fara zuwa wurin wani mai gyaran waya a nan Kalgo, na kwatanta masa wasan. Ya ce ba abin da babu a intanet, in aka sha wahalar nema za a samu wani ya ɗauki bidiyon ƙarshen, a nuna wa tsoho ya huta. Na kai wa Yaya wannan labari ina murna. Ya ce, "Wani ya kai kaya in tsaya kallo? Ai ba ni nak kai ba." Ya ci gaba da ɗaure sipok, wayoyin ƙafar keke.

Daga nan na ga ba mafita sai a raba shi da Gwandu na wuni ɗaya. A Kalgo ba wanda ya san shi. Maigidana ya yi tafiya, ɗakin baƙi ba kowa. Ranar wata Juma'a cikin damina, bayan an sauko masallaci, na ɗauki shatar mota na je na kwaso shi da talabijin da batir da na'ura, an naɗe ta da tsohon zane kamar jaririya. Ya yi ta cewa abin kunya ne a rufe rumfa ranar Asabar. Na ce kunyar ta kama ni.

Abin da ban lissafa ba shi ne Hajjo. Rumfar nan ba a taɓa ganinta a rufe da yamma ba, sai aka fara sallama a gida ana tambaya. Hajjo kuwa mace ce mai kunya, ba za ta iya buɗe baki ta ce mijinta, mai jikoki, ya tafi wani gari buga gem ba. Sai ta ce, "Ƙanwatai ta tahi da shi Kalgo, sha'anin idon nan na." Ba ƙarya ta yi ba. Amma kafin magariba magana ta zama za a yi masa aiki, kafin isha'i ta zama an riga an yi, yana kwance.

Asabar da safe ya sha koko, na ɗiga masa magani, na rufe taga don hasken waje. Ya zauna a tabarma, fuskarsa kamar taku biyu daga gilashin talabijin. Zaman farko ya ƙare a zango na shida, laifinsa ne. Ya ce shirun ne ya yi masa yawa, bai saba ba. Ƙarfe tara da rabi ya sake farawa. Wannan karon ya tafi sumul. Na riƙa leƙowa daga madafa ina ƙirga ɗigo. Bakwai. Takwas. Da ya wuce tara ya shiga goma, inda bai taɓa gani ba, sai na ji yana magana da ɗan mutumin a hankali, "Sannu, sannu, kak ka yi gaggawa."

Wajen sha biyu saura na ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Na fita na tarar da bas cike da mutanen Gwandu. Zayyanu ne a gaba da ledar lemo. Bayansa maza tara, har da wani dattijo daga Malisa, Malam Sambo, wanda Yaya ke gyara wa keke tun ina budurwa. Mata biyu da fulas ɗin kunu. Dubiya suka zo.

Ku gaya mini, wa ke korar 'yan dubiya? Mutane sun bar gona ana tsakiyar noma, sun yi tafiyar fiye da awa ɗaya. In na ce ba ya nan na yi ƙarya, in na ce su jira a waje gobe ba ni da fuskar shiga Gwandu. Na ce su shigo.

Zayyanu ya yi sallama a bakin ɗaki. Na ga kafaɗar Yaya ta motsa, hannun dama ya fara sakin madanni. Na riga shi, na amsa da ƙarfi, sannan na ce, "Yaya, na amsa. In mutum ɗaya ya amsa sallama ya ɗauke wa sauran, kai ka koya mini. Ka saki abin nan ni da kai ne."

Suka shigo suka tsaya cirko-cirko. Sun zo ganin mutum da bandeji a ido, suka tarar da shi zaune daram yana tsallaka rami. Zayyanu ya riga ya miƙa hannu, hannun na nan a iska. Yaya bai juyo ba, amma gumi ya keto masa a wuya, na san abin da yake ji.

Malam Sambo ne ya fara magana. "Hajiya, wanga shi na majinyacin? Mun baro haki cikin gero don mu zo kallon wasan ɗiya?"

Nan na manta da gargaɗin da ya yi mini da muka fito daga wurin likita. Na ce, "Malam Sambo, ba ku yi zuwan banza ba, majinyaci ne. Idon hagu ya kusa tafiya, na dama likita bai ba shi tabbas ba. Shi ya ce kada a faɗa, ni na faɗa. Shekara ashirin da biyar yana son ya ga ƙarshen abin nan, shekara ashirin da biyar kuna kashe masa shi da ina kwana. Ko sau ɗaya bai bar hannun ɗayanku a iska ba. Yau ɗaya ku ba shi aron awa guda."

Kiɗan gwangwani ya ci gaba. Yaya ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Indo, bakinki."

Na ce, "Na ji. Duba gabanka."

Zayyanu ya dubi hannunsa, ya dubi bayan amininsa. Sai ya mayar da hannun ya dafa ƙirjinsa, yadda ake yi bayan an gama musabaha, ya nemi gefen tabarma ya zauna. Sauran suka yi yadda ya yi, ɗaya bayan ɗaya. Malam Sambo ne na ƙarshe, yana gunaguni, amma ya zauna. Matan suka biyo ni bakin ƙofa.

Zango na sha ɗaya ya zo da abin da ba mu zata ba. Wasu tsuntsaye ne ke shigowa daga gefen gilashin, hagu da dama, su bangaji kayan. Gefe kuwa shi ne inda Yaya ba ya gani. Na farko ya zo ta hagu, bai san da shi ba sai da kaya suka zube. Saura rai biyu. Na biyu ya zo ta dama, haka. Saura ɗaya. Yaya ya sauke numfashi ya ce, "Ba ni ganinsu sai sun iso."

Zayyanu ya matso kusa da kunnensa. "Tahi, ni ina ganinsu. Ga wani nan ta dama, bisa. Duƙa."

Yaya ya duƙar da ɗan mutumin, tsuntsu ya wuce.

"Wani ta hagu," in ji wani daga baya.

"Ba kai anka sa ba, kak ku ruɗa shi," in ji Zayyanu. "Malam Sambo, kai riƙe hagu, ni dama."

"Ni mi nas sani cikin wanga abu?"

"Ba tsuntsu kaka kora ga gero ba? Shi na dai."

Haka aka yi. Dattijon da ya zo yana faɗa ya dawo yana tsugune, hula ta karkace, yana cewa, "Ga shi nan, ga shi nan, ƙasa-ƙasa. Yi tsalle. A'a, jira kayan su zauna tukun." Har ya gane tsayuwar. Yaya kuwa sai ya saki jiki. Ashe hayaniyar ce ya rasa da safe.

Zango na sha biyu ba tsuntsu, ba dutse. Tudu ne dogo, da matakala ƙanana, kowace sai an jira kaya sun daidaita kafin a hau ta gaba. Kunun da aka kawo ya huce a fulas. A saman tudun akwai wata 'yar bukka. Ɗan Dako ya isa ƙofar ya tsaya da kansa, madanni ya daina aiki. Yaya ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

Wani ya fito daga bukkar, a sunkuye, da sanda. Har yau ana gardama a Gwandu ko tsoho ne ko tsohuwa. Ya ɗaga hannu biyu ya taya Ɗan Dako sauke kayan, ya kwance ƙunshin. Wasu ƙananan ɗigo rawaya suka watsu a kan tudun, sai kore ya fara fitowa layi-layi har ya rufe shi. Wani rubutu ya hau sama wanda ba mai iya karantawa a cikinmu.

Malam Sambo ya ce, "Iri na. Wallahi iri na anka aiko shi da shi."

Zayyanu ya ce, "Shekara ashirin da biyar iri na bisa hanya. Haliru, damina nawa kas sa mutanen nan sunka rasa?"

Ɗaya daga cikin matan ta ce ita abin da ya ba ta haushi ko ruwa ba a ba shi ba. Na ce ni ma.

Duka abin bai kai minti ɗaya ba, gilashin ya yi baƙi, ɗigo goma sha biyu suka dawo ba ko ɗaya mai haske. Yaya bai motsa ba. Na ce, "Ka gani dai?"

Ya ce, "Na gani. Har sandar na gani."

Idon hagun ya rufe gaba ɗaya kafin azumi. Na dama yana nan, muna ta ɗiga magani safe da yamma, Hajjo ba ta wasa da lokaci. Yana gyaran keke har yanzu, yawanci da lalube, kuma ba a dawo masa da aiki. Da na je Gwandu watan jiya na tarar da talabijin a kunne a ɗan ɗakin baya, ɗan mutumin yana zango na biyu. Na ce, "Yaya, ba ka gama da wannan ba? Ai ka ga ƙarshe."

Ya ce, "Da ban san mi yaka ɗauke da shi ba, ina ta zubar ma mutane. Yanzu da nas san iri na, ai sai in ƙara kula."